Sanarwar waya a kan kwamfuta: wace hanya saƙonka zai bi kafin ya iso gabanka?

Duk wanda aiki ya ɗaure shi a gaban kwamfuta ya san yadda abin yake faruwa. Waya ta yi ƙara a gefe, ka ce bari in duba ko wani abu ne mai muhimmanci, ka ɗauka, ashe talla ce daga wata manhaja da ka manta ma ka saka ta. Amma wayar ta riga ta shigo hannu, kuma ba ta cika fita da wuri ba. Kafin ka ankara ka buɗe nan ka leƙa can, zaren aikin da kake riƙe da shi ya kuɓuce. Wannan ne ya sa na soma neman yadda sanarwar waya za ta riƙa bayyana a kusurwar allon kwamfuta ba tare da na haɗa su da igiya ba, in ɗaga ido in ga ko wane ne, in amsa ko in ƙyale, hannuna bai bar allon rubutu ba.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa, kuma kowace za ta jero maka abubuwan da take iyawa: tura fayil, kiran waya, kwafe rubutu daga nan zuwa can. Ni dai abin da na lura da shi, ba a nan gizo ke saƙar ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci. Na farko, wace waya da wace kwamfuta ke gare ka, domin wannan kaɗai yana rufe maka rabin ƙofofin tun kafin ka fara zaɓe. Na biyu, wace hanya saƙon yake bi daga wayar zuwa kwamfutar, da kuma wanda zai iya leƙa shi a kan hanya.

Wayar ce ke da ta cewa

A Android, tun sigar 4.3 da ta fito a 2013, akwai wani izini na musamman da ake kira izinin karanta sanarwa. Manhajar da ka ba wannan izini tana ganin duk abin da ya faɗo saman wayarka: manhajar da ta aiko, sunan wanda ya rubuto, abin da ya rubuta, har da maɓallan da ke ƙarƙashin sanarwar, irin su na mayar da amsa. Tana kuma iya share sanarwa. Shi ya sa idan ka kawar da saƙo a kwamfuta sai ka tarar ya ɓace a wayar ma, kuma shi ya sa kake iya amsa saƙon WhatsApp daga kwamfuta ba tare da ka buɗe WhatsApp ɗin ba. Manhajar tana danna maɓallin amsa ne a madadinka. Ka tsaya ka auna nauyin wannan izini. Makulli ne na ɗakin da kusan duk sirrinka ke bi ta cikinsa, daga saƙon iyali zuwa sanarwar banki.

iPhone ba ta yarda da haka ba sam. Babu wata manhaja da aka bari ta karanta sanarwar wata. Ƙofa ɗaya Apple ya bari tun iOS 7, ita ma a 2013, wadda ake kira ANCS, kuma ta Bluetooth take aiki. An yi ta ne domin agogon hannu da makamantansa. Saboda haka duk kwamfutar da ba ta Apple ba, in tana son ganin sanarwar iPhone, sai ta shigo ta wannan ƙofa kamar ita ma agogo ce, ta karɓi abin da ake ba agogo. In ka ga wata manhaja tana aiki sosai da Android amma ta gurgunce da iPhone, yawanci ba sakacin masu ita ba ne, katangar ce haka.

Hanyoyin da saƙo ke bi kuwa uku ne. Ko dai ya tashi daga waya ya bi ta rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi ɗin da ku biyun kuke kai, ya faɗa kwamfuta, bai fita daga ginin ba. Ko ya fita intanet ya je sabar wani kamfani, wato babbar kwamfutarsa da ke karɓar saƙonni tana turawa, daga can a turo shi kwamfutarka, ko da wayar da kwamfutar suna kan tebur ɗaya. Ko kuma ya bi Bluetooth kai tsaye, wanda ba ya buƙatar intanet amma ba ya nisa, taku kaɗan ko bango mai kauri sun isa su yanke shi.

Phone Link

In kana da Windows 10 ko 11, wannan tana nan cikin kwamfutarka ko ba ka taɓa buɗe ta ba. Microsoft ya fito da ita a 2018 da sunan Your Phone, ya sauya mata suna a 2022. Abokiyar aikinta a waya ita ce Link to Windows, wadda a wayoyin Samsung da wasu kamfanoni take zuwa a ciki tun daga masana'anta, saura kuwa sai ka sauke ta. Haɗawar ba ta da wuya: kwamfuta ta nuna lambar QR, ka haska ta da kyamarar waya, ka shiga asusun Microsoft ɗinka a ɓangarorin biyu, ka amince da izinin da aka nema.

Da Android tana yin kusan duk abin da mutum zai so. Sanarwa tana fitowa kamar ta Windows, kana amsawa daga nan, kana zaɓar manhajojin da za su wuce da waɗanda za a tare. Kana karanta saƙon tes ka rubuta sabo, kana ganin hotunan da ka ɗauka kwanan nan. Kiran waya ma yana shigowa kwamfutar, sai dai shi wannan ta Bluetooth yake bi, don haka kwamfutar tebur da ba ta da Bluetooth sai an sayo mata ɗan ƙaramin abin da ake soka wa a ramin USB. A wasu wayoyin, musamman na Samsung, har manhajar wayar kanta kana buɗewa a taga ta daban a kan kwamfuta. Akwai kuma saitin da ke barin ta ci gaba da aiki ta datar waya in babu Wi-Fi ɗaya tsakaninku, kuma wannan babban abu ne ga wanda kwamfutarsa ke kan igiyar intanet ta ofis, wayarsa kuma tana kan data.

Da iPhone labarin ya sha bamban. Tun 2023 Windows 11 ke haɗuwa da iPhone, amma ta ƙofar Bluetooth ɗin nan da na ambata. Za ka ga sanarwa, za ka amsa kira, za ka aika saƙo. Amma tsohuwar hirar da ke cikin wayar ba za ta taso ba, abin da ya wuce yayin da suke haɗe kawai za ka gani, kuma da zarar ka tashi da wayar ka fita daga ɗakin, shi ke nan sai ka dawo.

Abin da ke damuna da Phone Link biyu ne. Dole sai da asusun Microsoft, wato haɗin da ke tsakanin na'urori biyu da ke gabanka ya rataya ne a wuyan wani na uku. Sannan Windows kaɗai ta sani. In kana da kwamfuta biyu, ɗaya Windows ɗaya Linux (wani tsarin kwamfuta na kyauta), ba ta da amsa gare ka. A kwamfutar wurin aiki kuma masu kula da na'urori na iya kulle ta gaba ɗaya, kuma suna da hujja.

KDE Connect

A nan zan ɗan daɗe, domin ita nake amfani da ita, kuma ita ce mutane suka fi yi wa kuskuren fahimta. Sunan yana sa a ɗauka ta masu Linux ce kawai. Daga can ta fito, gaskiya ne: Albert Vaca ne ya fara ta a 2013 a ƙarƙashin ƙungiyar KDE, masu gina manhajoji kyauta waɗanda kowa ke iya duba rubutun cikinsu. Amma yau tana cikin Microsoft Store don Windows, akwai ta Mac ko da yake ba ta kai sauran gogewa ba, masu amfani da GNOME, wata fuska ta Linux, kuma suna da GSConnect, wadda ke magana da ita wannan manhajar ta KDE Connect da ke waya.

Ba ta neman asusu, ba ta neman imel, ba ta da sabar da za ta aika saƙonka. Wayar da kwamfutar suna kiran juna a cikin Wi-Fi ɗaya, ɗaya ta nemi haɗuwa, ɗayar ta nuna maka wata lamba ka duba ko ta yi daidai da wadda ke ɗaya allon, ka amince. Daga nan duk abin da ke wucewa tsakaninsu a kulle yake da TLS, irin kullen da burauza ke amfani da shi in ka shiga shafin banki. Ko intanet ta yanke, muddin rautar na kunne, sanarwar da ta faɗo waya za ta iso. Kuma da yake tafiyar gajeriya ce, sau da yawa sai ka ga saƙo a kwamfuta kusan lokaci ɗaya da girgizar wayar.

Tacewarta ce ta fi burge ni. Ba tarewa ko bari kawai ba, kana iya cewa wannan manhaja a nuna min cewa ta aiko da wani abu amma a ɓoye abin da ke ciki. Kana iya cewa kada a turo komai sai fuskar wayar tana kashe, domin in wayar na hannunka babu amfanin kwamfuta ta maimaita maka abin da kake kallo. Kana iya ƙayyade mata Wi-Fi ɗin da ka amince da su, ta yi shiru a saura. Ga wasu ƙananan abubuwa da sai ka saba da su za ka san daɗinsu: kira ya shigo, abin da kake saurare a kwamfuta ya tsaya da kansa, ka kwafe rubutu a nan ka manna a can, wayar ta shige ƙarƙashin takardu, ka danna daga kwamfuta ta yi ƙara.

To, kowane allazi da nasa amanu. Ƙarfinta shi ne rauninta: tunda ba ta fita waje, dole na'urorin biyu su iya ganin juna a ciki. Ranar da na fara saka ta a wata kwamfuta, na yi kusan awa guda ina kallon jerin na'urori babu komai a ciki. Wayar na kan Wi-Fi, kwamfutar na kan Wi-Fi, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, amma kamar ba su san juna ba. Na kashe na kunna, na cire na sake sakawa. Daga baya na gane katangar tsaron kwamfutar ce ke tare su. KDE Connect tana amfani da ƙofofin sadarwa masu lamba 1714 zuwa 1764, na TCP da na UDP (hanyoyi biyu da na'urori ke aika wa juna bayanai), kuma in ba a buɗe su ba, kiran da wayar ke yi ba ya isa. Ina buɗe su, sunan wayar ya bayyana nan take.

Wannan mai gyaruwa ne. Akwai wanda ba ya gyaruwa daga ɓangarenka. Wi-Fi na baƙi a otal, filin jirgi, makaranta da ofisoshi da yawa ana saita shi ne yadda kowace na'ura za ta ga intanet amma ba za ta ga maƙwabciyarta ba, don kare mutane daga juna. A irin wannan wuri KDE Connect makauniya ce. Haka in ka kunna VPN, manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata ɓoyayyiyar hanya, a ɗaya daga cikinsu, sau da yawa haɗin yana yankewa. Mafitar da ta fi sauƙi ita ce ka raba intanet daga wayar, kwamfutar ta hau kai, sai su zama cikin gida ɗaya. In ma ba su gano juna da kansu ba, akwai wurin da za ka rubuta adireshin IP na kwamfutar, wato lambar da aka san ta da ita a cikin Wi-Fi ɗin, da hannu. Mai iPhone kuwa kada ya wahalar da kansa: akwai KDE Connect a App Store, tana tura fayil da rubutu, amma sanarwa ba ta samun ta.

Masu bi ta sabar kamfani

Pushbullet ce ta sa mutane da yawa suka san ana iya wannan abu. Ita ma a 2013 ta fito. Dabararta ita ce ba ruwanta da inda na'urorinka suke. Ka manta wayar a gida tana caji, kana can wani gari a gaban kwamfuta, muddin kowacce na da intanet, sanarwa za ta same ka. Babu ƙofar da za ka buɗe, babu rautar da za ka roƙa. Ga wanda wurin aikinsa ya hana shiga da waya, ko wanda ke yawo tsakanin Wi-Fi daban-daban, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma KDE Connect ba za ta taɓa ba shi ba.

Kuɗin wannan sauƙi shi ne kowace sanarwa tana ratsawa ta kwamfutar wasu. Pushbullet ta ƙara kulle na daga-baki-zuwa-baki a 2015, wanda ke hana ita kanta karanta abin da ke wucewa, amma ba ya kunna kansa. Sai ka shiga saituna ka zaɓi kalmar sirri, ka rubuta ta a kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai yi haka ba, saƙonsa a kulle yake a kan hanya amma a buɗe yake a wurin kamfanin. In za ka yi amfani da ita, wannan ne aikin farko, kafin komai. A ƙarshen 2015 ɗin kuma ta fito da tsarin biyan kuɗi na wata-wata, ta mayar da wasu abubuwan da a da kyauta ne zuwa can, ta ƙayyade wa masu amfani kyauta saƙo 100 a wata da za su iya aikawa daga kwamfuta. Manhajarta ta iPhone kuwa an janye ta a 2020.

Join, ta João Dias mai kula da Tasker, manhajar da ke sa waya ta riƙa yin ayyuka da kanta, tana kama da ita a aiki, sai dai sau ɗaya ake biya, kuma tana jingina da asusun Google ɗinka. Ta fi dacewa da masu son ƙulla abubuwa su riƙa yin kansu, misali in wani saƙo ya shigo kaza ya faru a kwamfuta. Mai son ya saka ya manta zai ga maɓallanta sun yi masa yawa.

AirDroid babban shago ce: sarrafa waya daga nesa, kwasar fayil, kallon kyamara, sanarwa kuma ɗaya ce daga cikin kayan. In sanarwa kaɗai kake nema, izinin da za ka ba ta ya fi buƙatarka nesa ba kusa ba. A ƙarshen 2016 masu binciken tsaro na kamfanin Zimperium sun fallasa wata ɓaraka a cikinta da ke ba wanda ke Wi-Fi ɗaya da kai damar kutsawa ya leƙa abin da wayarka ke aikawa da karɓa ta cikin manhajar. An toshe ta, kuma ba ina cewa haka take a yau ba. Na kawo zancen ne don a ga abin da ke faruwa in manhajar da ke riƙe da makullai da yawa ta yi tuntuɓe sau ɗaya.

Gidan Apple, da na Google

Mai iPhone da Mac shi ne ya fi kowa hutawa, in na'urorinsa sun kai. Tun Satumbar 2024, da iOS 18 da macOS Sequoia, sanarwar iPhone tana fitowa a Mac tare da sauran, da 'yar alamar waya a jikinta. Ka danna ta, fuskar wayar gaba ɗaya ta buɗe a taga, ka yi abin da za ka yi da linzami da allon rubutu, wayar kuma tana can a kulle a aljihu ko cikin jaka. Sharaɗin shi ne asusun Apple ɗaya a ɓangarorin biyu, tabbatarwa mai mataki biyu, Wi-Fi da Bluetooth a kunne, sannan Mac ɗin ya kasance mai ƙwaƙwalwar da Apple ya ƙera da kansa ko mai ta Intel da ke da guntun tsaro na T2. Lokacin da aka fito da shi ba a buɗe shi a ƙasashen Tarayyar Turai ba, saboda takaddamar Apple da dokokin kasuwar dijital na can. Babu abin da za ka sauke, babu baƙuwar manhaja da za ka ba izini. In kana cikin wannan gida, kada ka nemi wani abu a waje.

Mai Chromebook, wato kwamfuta mai tsarin Google, da Android yana da Phone Hub tun 2021, a cikin tsarin kwamfutar take, ka kunna kawai. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai Android da Mac, domin tsakanin Apple da Google babu wanda ya ɗauke shi nasa. KDE Connect ko ɗaya daga cikin masu sabar ne abin da ya rage masa. Mai iPhone da Linux kuwa kusan babu abin kirki da zan nuna masa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba in ana kwatanta irin waɗannan manhajoji, wato tsawon ransu. Intel Unison ta fito a 2022, tana haɗa Windows da Android da iPhone, mutane suka yaba ta, a 2025 Intel ya rufe ta. Kafin ita Dell Mobile Connect ta bi wannan hanya. Duk abin da aikinsa ya dogara da sabar wani ko ra'ayin wani kamfani, ranar da suka juya baya ka tashi da sabon nema. Wannan na cikin dalilan da suka sa na karkata ga wadda ba ta da sabar da za a kashe.

Anya ma duk sanarwar kake so?

Kafin ka ba kowace manhaja wancan makulli, duba wayarka ka ga me kake ɗaukar ta dominsa. In yawancinsa WhatsApp ne, ai WhatsApp yana da nasa na kwamfuta, kuma tun da aka kawo tsarin haɗa na'urori har huɗu yana aiki ko wayar na kashe, sai dai in ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba ya fitar da kai. Telegram ma yana da nasa na kwamfuta. Saƙon tes kuma akwai Google Messages ta burauza tun 2018, ita dai tana buƙatar wayar ta kasance a kunne da intanet. Waɗannan sun fi madubin sanarwa, wato manhajojin da na lissafa a sama masu nuna sanarwar waya a kwamfuta, domin cikakkiyar hirar kake gani, da hotuna da muryoyi, ba guntun da ya faɗo sama ba. In sun ishe ka, ka huta da komai. In kuma ka haɗa su da madubin sanarwa, ka tare WhatsApp a cikin madubin, in ba haka ba kowane saƙo sau biyu zai buga maka.

Wasu kuma suna rikita wannan da haska fuskar waya gaba ɗaya, irin abin da wata manhaja mai suna scrcpy ke yi. Kayan aiki ne mai kyau, amma taga ce da sai ka kalle ta. Ba za ta taɓo ka in saƙo ya zo ba.

Abu biyu na tsaro nake so kowa ya yi tunani a kai, ko wace ya zaɓa. Na farko lambar tabbatarwa da banki ko wani shafi ke turowa ta tes. Hikimar wannan lamba ita ce tana zuwa wata na'ura dabam da wadda kake shiga da ita, don ɓarawon da ya samu kalmar sirrinka ya tarar da saura. In ka sa tana fitowa a allon kwamfutar, ka haɗa makulli da kwaɗo a wuri ɗaya: duk wanda ya zauna a kujerarka, ko ya kutsa kwamfutar daga nesa, ya samu duka biyun. Google ya lura da haɗarin, shi ya sa daga Android 15 wayar ke ɓoye irin waɗannan lambobi daga manhajojin karanta sanarwa da ba ta ɗauke su amintattu ba. In ka sabunta waya ka ga wasu saƙonni suna zuwa kwamfuta babu abin da ke cikinsu, ba lalacewa aka yi ba, da gangan ne. Na san daɗin kwafe lambar daga kusurwar allo, amma a kwamfutar da wani ke taɓawa ban da kai, ban ga ya cancanta ba.

Na biyu idon mutane. Na taɓa zama a wani taro, mai gabatarwa ya haɗa kwamfutarsa da majigi yana bayanin lissafin kuɗi, sai ga saƙo daga gidansa ya faɗo a kusurwar bango, manya-manyan haruffa, maganar rashin lafiyar wani nasa ce. Ɗakin ya yi tsit. Ya yi sauri ya kawar, amma kowa ya riga ya karanta, kuma na ga yadda hannunsa ya riƙa rawa har ya gama. Tun ranar ban sake haɗa kwamfuta da majigi ko raba allo a taron bidiyo ba sai na kunna yanayin kada-a-dame-ni da hannuna. Windows yana da saitin da ke yin shiru da kansa in ka kwafi allo zuwa majigi, amma raba allo a taron bidiyo wani abu ne dabam, ban dogara da shi a can ba.

Abin da ke kashe su duka

Ƙorafin da ya fi yawa a kan kowace daga cikin na Android ɗin nan ɗaya ne: jiya tana aiki, yau ta yi shiru. Kusan kullum ba laifin manhajar ba ne. Tun Android 6 a 2015 wayar ke sa manhajoji barci in an ajiye ta ba a taɓa ba, don tattalin batir, kamfanonin waya da yawa kuma suna ƙara nasu tsaurin a kai, har su kashe duk abin da ke aiki a bayan fage. Manhajar madubi kuwa a bayan fage take rayuwa. Maganin shi ne ka shiga saitin batir na ita manhajar ka cire mata takunkumi, in wayarka na da jerin waɗanda aka yarda su tashi da kansu ka saka ta, in tana da alamar kwaɗo a jerin manhajojin da ka buɗe kwanan nan ka danna mata shi. Wanda bai yi wannan ba zai yi ta sauya manhaja yana zarginsu ɗaya bayan ɗaya, alhali wayarsa ce ke shaƙe su.

In wani ya tambaye ni a tsaye, ga abin da nake ce masa. Android da Windows, kuma ba ka son wahala: Phone Link, tana nan a gabanka. Android da Linux, ko kwamfutoci iri-iri, ko kuma ba ka son saƙonka ya fita daga ɗakinka: KDE Connect, ka yi haƙuri da ranar farko. Wayar da kwamfutar ba sa zama wuri ɗaya: Pushbullet ko Join, da kulle a kunne. A tawa wayar, manhajoji huɗu kawai na bari su wuce: kira, tes da aka ɓoye cikinsa, kalanda, da manhajar hirar aiki. Sauran suna jira na a waya har in tashi.

Ko wace ka ɗauka, kada ka yanke mata hukunci a minti biyar na farko, lokacin da wayar ke hannunka kuma komai na farke. Ka kulle wayar, ka cire ta daga caji, ka ajiye ta kife na rabin awa ba ka taɓa ba, sannan ka sa wani ya turo maka saƙo. Ka rufe kwamfutar ta yi barci, ka buɗe, ka ga ko sun sake gano juna da kansu. Ka fita da wayar har Wi-Fi ya yanke, ka dawo ka zauna, ka sake sa a turo.